Izu Goma Sha Shida Zuwa Gidan Taubashina

Shekarar da gulbin Rima ya cika ya batse, ya ci fadama tun daga Goronyo har ƙasan Sakkwato, ita ce shekarar da taubashina ya daina zagina.

Ɗan ƙanwar mahaifina ne. Ni ɗan namiji, shi ɗan mace, don haka tun muna yara nake kiransa bawana, shi kuma yana kirana mai buzu, wai tunda aka zaunar da ni a kan fata don karatu ban sake tashi ba. Akwai gaskiya a maganarsa. Ni a Wurno aka haife ni, a nan nake karantar da yara, a nan nake rubuta wa mutane wasiƙa da ajami in sun buƙata. Shi kuwa gidansa na wani ƙauye a gefen fadama kusa da Goronyo, sana'arsa sayar da irin albasa. Yakan ɗaure buhu a kariyar keke ya bi ƙauyukan tudu, ya gangara Rabah, ya juyo ta Wurno ya kwana a zaurena, sannan ya koma ta inda ya biyo. Ya fi shekara talatin yana haka. Ni kuwa sau ɗaya na taka gidansa, ranar ɗaurin aurensa, shi ma a mota aka kai ni aka dawo da ni.

Wata rana, shekara goma ko fiye kafin ruwan, ya dame ni da gori har na ce zan zo. Ya ce in ɗauko alƙalami. Ya ce in zan zo, to hanyarsa zan bi, a kan keke, in ji abin da ƙafafunsa ke ji. Na tambaye shi kilomita nawa ne.

"Ban san kilomita ba," in ji shi. "Izu nis sani."

Ashe tun da ya sauke haddarsa, duk sanda ya ɗora ƙafa a feda sai ya buɗe tilawa, kuma da ita yake auna hanya. Daga gari kaza zuwa rijiya kaza izu ɗaya. Daga nan zuwa kuka kaza izu biyu da rabi. Ya yi ta faɗa ina rubutawa, daga ƙofata har ƙofarsa, ya kama izu goma sha shida cif. Na naɗe takardar na sa a gafaka, na manta da ita.

Da ruwan ya zo, labari ya iso mu cewa gidansa ya faɗi, rumbun iri ya tafi, amma rai bai salwanta ba. Na ɗauki waya na yi masa jaje. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Na gode, Malam. Allah shi saka da alheri." Ya kashe.

Mai ɗakina tana tsince wake a gefe. Ta ɗago kai.

"Mi yac ce maka?"

"Godiya yay yi."

"Da wane suna?"

"Malam."

Ta ajiye faifan. "Malam yac ce maka? To, ka shiga uku."

Na ce mutum yana cikin jarrabawa, ina zai ga bakin wasa. Amma wata ya wuce, wani ya bi, na sake kira sau biyu, kullum Malam, kullum ladabi kamar yana magana da alƙali. Aka yi Sallar layya, ranar da bai taɓa fasa kirana ya tambaya ko akuya na yanka ko kaza ba, wayata ba ta yi ƙara ba. A nan na gane cewa in ban tashi ba, zumuncin da iyayenmu suka bar mana zai koma gaisuwar hanya.

Kowa ya ce in hau kabu-kabu in bi kwalta ta Marnona, kafin azahar na isa. Ban ƙi maganarsu don taurin kai kawai ba. Na san in na sauka daga babur a gabansa zai karɓe ni, ya shimfiɗa mini tabarma, ya ci gaba da kirana Malam har mu mutu. Kuma, in faɗi gaskiya, da na zaro takardar nan daga gafaka na karanta, wani abu ya kama ni. Ina so in ga ko da gaske ana iya auna ƙasa da karatu.

Kekena na zuwa gona ne, bai taɓa yin nisa ba. Na kai shi wurin mai facin bakin kasuwa. Ya juya shi, ya matsa taya, ya ja birki.

"Baba, ina za ka da wanga?"

"Goronyo. Ta Rabah."

Ya dube ni, ya dubi keken. "Ku biyu wa za shi ɗauki wani?"

Ya sa sabon birki, ya zuba mai a sarƙa, ya ɗaure mini famfo da kayan faci a ƙarƙashin sirdi, ya nuna mini yadda ake neman huji da yawu in babu ruwa.

Na fita bayan sallar asuba, gari ya fara haske. Da buta, da goran ruwa, da ƙullin ƙuli-ƙuli da dabino, da riga ɗaya ta canji. A wajen hubbare na sauka na tura keken da hannu, kamar yadda na ga manyanmu suna yi, na yi addu'a ga na cikinsa da iyayena. Da na bar gidajen ƙarshe sai na hau, na yi bisimilla, na buɗe izu na farko.

Takarda ta ce izu ɗaya, rijiya mai bakin dutse a hannun hagu. Ina rufe izun, sai ga rijiya, mata uku suna ja da guga. Na taka birki na tsaya ina kallonta kamar ban taɓa ganin rijiya ba. Ɗaya daga cikinsu ta tambaya ko ruwa nake so. Na ce a'a, alhamdu lillahi, na samu abin da nake nema. Ban san mi suka ce da na wuce ba, amma na ji dariya.

Daga nan ƙasa ta fara canjawa. Yashi ya ragu, jar tsakuwa ta fito. An gama yankan gero, an jera dammuna a gonaki, dawa ce kawai ta rage a tsaye da kanta a sunkuye. Sai tudu na farko ya tare ni. Mu mutanen Wurno a kan tudu muke zaune, amma hawa shi da ƙafa daga fadama daban, hawa da keke daban. Na yi rabi na sauka na tura. Ban yanke karatu ba. Ina haki, ina jan aya, ina tsayawa inda ba a tsayawa, ina komowa in gyara. Haka na yi a tudu na biyu, wanda ya fi na farko tsawo.

Takarda ta ce izu biyu da rabi daga rijiya, kuka a hannun dama, a bi hanyar da ta ratsa gindinta. Ina cika lissafin na duba, ga kuka, ga hanya. Na yi hamdala na karya kwana na bi ta.

Hanyar ta yi ta ƙanƙancewa har ta zama turbar jakai, sannan ta miƙe sama. Takarda ba ta ambaci hawa a nan ba. Na ce ko bawan nawa ya manta. Na tura har na kai bisa, sai ga gari a kan dutse, wanda ban taɓa jin labarinsa ba duk da bai fi tafiyar hantsi daga ɗakina ba.

Abin da na fara lura da shi, kowa ta wuri ɗaya yake shiga. Babu ganuwa, sai wani dogon tudun duwatsu da bai kai gwiwa ba, yaro ma zai tsallake. Amma mai jaki ya zagayo ya bi ta wani giɓi, mata masu itace suka bi ta nan, har awaki. Ni ma na bi. A cikin giɓin dattawa huɗu na zaune a inuwar tsamiya. Na jingine keke na durƙusa muka gaisa. Na tambaye su mi ya sa ba a tsallakawa.

"Ƙohwa ta," in ji babbansu, yana mamakin tambayar. "Wa ka shiga gari ta bisa ganuwa in ba ɓarawo ba?"

Ya ce kakanninsu sun hau nan ne zamanin yaƙe-yaƙe, ruwa kawai ke saukar da su. Ya aika aka kawo mini wani baƙin dunƙule mai nauyi, mai ƙofofi kamar gidan zuma. Ya ce kashin tama ne, ragowar narka ƙarfe, bayan gari cike yake da shi, garma na tono shi kowace damina. Na juya shi a hannuna na daɗe. Har yau yana nan, da shi nake danne takardu.

Sai na kawo maganar hanya. Na karanta musu takardar. Suka ce lallai akwai kuka mai hanyar Rabah, amma tana can gaba da nisa, wannan da na bi kukar garinsu ce. Na ce ba zai yiwu ba, izu biyu da rabi na ƙirga, ban tsallake ko aya ba.

Wata tsohuwa tana dama fura a gefe, tun ɗazu tana jinmu.

"Ɗan nan, wa yab ba ka wagga takarda? Mai irin albasa? Mai karatu bisa keke?"

Na ce shi, Inna. Taubashina ne.

"Ai mun san shi. In muna ɗiban ruwa ƙasa muna jin muryatai tun daga nesa. Amma da ya kama hawa sai shi yi tsit. Ba ka ƙara jin shi sai ya kai bisa ya sha iska. Na taɓa tambaya tai, yac ce ba shi karatu da haki, wai bai iya ba harafi haƙƙinai." Ta miƙo mini ludayi. "Kai hala da haki kaka yi?"

Dattawan suka fashe da dariya. Ni ma na yi, amma kunya ta kama ni. Shekara talatin ina gyara wa yara tsayawa da ja, ga mai sayar da iri ya fi ni sanin inda ake rufe baki. Tudun ba ya cikin lissafinsa, shi ya sa bai faɗa mini ba. A wurinsa abu ne da kowane mai karatu ya sani.

Na sha furar, na yi godiya, na fita ta ƙofa. Na koma gindin kukar da ta yaudare ni, na zauna na ƙiyasta abin da na karanta a tudun nan biyu, ya kama kusan rabin izu. Na koma baya a karatun da wannan gwargwado, na hau. Rabin izun na cika, sai ga wata kuka, babba, mai kogo, da hanya mai sawun amalanke a gindinta.

Na shiga Rabah da la'asar sakaliya, izu shida daidai. Na kwana gidan wani da muka yi karatu tare muna samari. Ya ga yadda nake sauka daga keke da ƙyar, ya sa aka dafa mini ruwan zafi, bai tambaye ni komai ba sai da na ci tuwo. Da safe ya raka ni bakin gari ya nuna mini hanyar arewa.

Yini na biyu ya fi tsawo, amma ya fi daɗi. Duk tudun da na tarar sai in rufe baki in sauka. A cikin shirun nan na fara jin abin da ban ji ba jiya. Ƙarar tsakuwa a ƙarƙashin taya, sussukar gero daga wani gari da ban hango ba, kiran makiyayi can ƙasa. In na kai bisa sai in tsaya numfashi ya dawo, in duba baya in ga hanyar da na biyo kamar zare, sannan in ɗora daga inda na tsaya. Alamomin takarda suka riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya. Garin da ke da tsofaffin ramukan rini guda tara, an daina aiki da su, an rufe bakinsu da ƙaya saboda yara. Masallacin ƙasa wanda mutum sai ya sunkuya zai shiga, inda na yi azahar, limamin ya ce gininsa ya girmi kakansa, kowace shekara bayan kaka gari ke taruwa a yi masa yaɓe. A kowane wuri in na ce ni taubashin mai irin albasa ne, sai a tambaye ni lafiyarsa, a ce bana ba a gan shi ba. Wani ya ce iri nasa bai taɓa ƙin tsira ba. Na riƙa tara gaisuwa kamar mai tara kaya.

Ƙaya ta huda mini tayar baya sau ɗaya. Na zauna a inuwar aduwa na yi yadda mai faci ya koya mini, da yawu, ya ɗauke ni lokacin da shi zai yi biyar.

Da na tsallaka kwalta na fara gangarawa wajen fadama, sai ƙasa ta nuna abin da ya same ta. Itatuwa duk da zobe na laka a jikinsu, sama da tsayina. Gonakin da ya kamata a ce an dasa albasa, yashi ya rufe su. A kan wani tudu ga ɗakunan zana da leda birjik. Ina cikin izu na goma sha shida, saura sumuni biyu in rufe, sai na hango kekensa a jingine da wani zana. Na san shi da jan ƙyallen da ke ɗaure a sirdi.

Na yi sallama. Ya fito. Ya rame, gemunsa ya ƙara fari. Ya dube ni, ya dubi keken, ya dubi ƙafafuna da suka yi ja da ƙasar tudu.

"Maraba, Malam. Sannu da hanya."

Ya shimfiɗa tabarma, ya sa aka kawo ruwa. Muka gaisa gaisuwa mai tsawo, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya. Na isar da gaisuwar garuruwa, ya amsa kowace. Na yi masa jaje, ya ce Allah ya kawo, Allah kuma zai mayar. Duk cikin ladabi.

Na zaro takardar na ajiye a tsakaninmu. Ya gane ta, bai taɓa ba.

"Ina kat tsaya?" ya tambaya.

Na faɗa masa ayar.

Ya rufe ido yana motsa leɓe. "Saura sumuni biyu."

"Ai kai kat taso da gida. Ni na iso inda kake."

"Takarda ƙohwata tac ce. Wagga ba ƙohwata ba ta."

Ya tashi ya ɗauko kekensa. Na ɗauki nawa, duk da cinyoyina suna roƙona arziki. Muka gangara, shi a gaba ni a baya. Ya ɗauko daga ayar da na faɗa, na bi shi, muryarsa ta fi tawa ƙarfi da sauri kaɗan. Hanyar duk yashi, sai da muka riƙa dafa ƙasa da ƙafa. Muna rufe izun ya taka birki.

Babu gida. Tudun jar ƙasa ne da ta narke, da dutsen niƙa, da gindin rumbu. Itacen ƙofa ɗaya ya rage a tsaye. Ya nuna mini da hannu, nan zaure, nan ɗakin mahaifiyarsa, gwaggona, inda ta rasu, nan ya adana irin shekara biyu. Ya ce ruwan da rana ya shigo, suna kallo, ba su fitar da komai ba sai yara da allunansa, keken kuwa a kan itace ya rataye shi. Na tsaya ina kallon dutsen niƙan. Na san shi. Daga gidanmu na Wurno gwaggo ta tafi da shi.

Abin da na faɗa a waya da wanda na faɗa a kan tabarma, kalmomi ne da na saba faɗa wa kowa. A nan ban samu ko ɗaya ba. Na kama itacen ƙofar na ce masa na makara, ya yafe mini.

Sannan ya tambaya yaya na ga hanyar. Na ba shi labarin kukar farko, da garin kan dutse, da tsohuwa mai fura. Na ga kafaɗarsa ta fara rawa.

"Da haki?" ya ce. "Kai? Bisa tudu kana karatu da haki?"

"Ai ba ka hwaɗa min ba."

"Wa ka hwaɗa ma malami haka? Wayyo, mai buzu! Shekara talatin kana bugun ɗiyan mutane, ashe kai ag ga buƙatar bulala!"

"Kai bawa, ka iya bakinka, gaban ubangidanka kake."

"Ubangidan da tsohuwa tag gyara ma karatu?"

Ya yi dariya har ya zauna a gindin rumbun yana share ido da hannun riga. Ni ma na zauna, don ƙafafuna sun ƙi.

Yanzu hanyar nan ba ta biyuwa yadda na bi ta, tsoro ya hana, wasu garuruwan ma na ji an tashi. Takardar kuwa ba ta hannuna. Da muka koma ɗakin zana a ranar ya ɗauke ta daga kan tabarma, ya ce in ba shi alƙalami. Ya ja layi a ƙarƙashin izu na goma sha shida, ya rubuta da ajaminsa mai kama da sawun kaza cewa mai buzu ya zo. Ya naɗe ta ya sa a aljihu.

"Ziyara ta hita," ya ce. "Gobe sai ka hau kabu-kabu, in ɗaure maka keken a baya. Ba ni son a ce bawa ya kashe ubangidanai."